Mu saki haya mu koma motar gida? Ku taya ni duba lissafin nan

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar RV, motocin nan da ake zama a cikinsu kamar gida. Ni nas ce a Houston, jihar Teksas ta Amurka, maigidana aikin kwamfuta yake yi daga gida, 'yarmu ɗaya, shekararta uku. Hayarmu za ta ƙare nan da wata huɗu, kuma sun riga sun aiko takarda cewa za ta koma $1,750. In aka haɗa wuta da ruwa da intanet, $2,050 ke nan duk wata, kuɗin da ba ya dawowa.

Ina so in fara aikin nas na yawo, kwantiragin mako 13 a wannan asibiti, mako 13 a wancan, su kuma su biyo ni maimakon in bar su a nan. Mun je wajen dila mun ga irin tirelar nan da ake ɗora goshinta a bayan a-kori-kura, ƙafa 36, da ɗakin kwana da kicin da falo. $66,000. Ya ce mu ba da $6,000, sauran a biya cikin shekara 15, $573 duk wata. Na sa kuɗin fili $600, mai da gas $150. Jimla $1,323. Rarar $700 da ɗoriya ke nan duk wata, ga kuma alawus ɗin masauki da kamfani zai riƙa ba ni wanda ba a cire masa haraji. Burinmu mu ƙarasa ginin da muka fara a Zariya. Me na manta ban sa ba?

Alhaji Direba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin komai, da wace mota za ku ja ta?

Maman Hanifa:
Highlander gare mu, Baba. Dilan ya ce sai mu canza ta mu ɗauki a-kori-kura F-150.

Alhaji Direba:
To tsaya nan tukuna. Highlander ko kusa ba ta cikin zancen, nauyin fam 5,000 ne iyakar abin da take ja, kuma ba ta da bayan da za a kafa mata ƙarfen ɗaurin. F-150 ɗin ma ban yarda ba. Tirela mai ƙafa 36 in kun zuba kayanku da ruwa za ta kai fam 12,000 zuwa 14,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin nan a kan gadon motar yake sauka. Fam 2,500 ke nan ko fiye, ba a sa ku ba, ba a sa mai ba. Ki buɗe ƙofar direba ta kowace a-kori-kura, akwai 'yar takarda mai ruwan ɗorawa manne a jikin ginshiƙi, ita ke faɗin nauyin da motar za ta iya ɗauka. Yawancin F-150 da za ki gani tsakanin 1,500 ne da 2,000. Dila zai nuna miki lambar ja, ba zai nuna miki lambar ɗauka ba, don ita ce ke ɓata ciniki.

Abin da ke gabanku F-250 ne ko Ram 2500, in so samu ne ma wadda ta fi su. Ta hannu mai lafiya, mai shan dizal, ki ware $35,000 zuwa sama. Wannan bashi na biyu ke nan da babu shi a takardarki.

Sai mai. Babbar mota nake tuƙawa tun zuwana ƙasar nan, kuma kullum ina ganin masu RV a gidajen mai suna riƙe baki. In kina jan wannan kaya, mil 10 a galan ɗaya kin gode Allah. Daga Houston zuwa Phoenix a kan babban titin I-10 kusan mil 1,175 ne, galan 118 ke nan. In dizal na $3.70, kin ba da $435 a tafiya ɗaya, iskar yammacin Teksas ba ta taso miki ta gaba ba. Kuma in kin isa, da wannan ƙatuwar motar za ki riƙa zuwa asibiti da kasuwa. $150 ba ta kai ko'ina.

Anti Balki:
Maman Hanifa ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni wannan rayuwar nake ciki, nas ce ni ma, ni da maigidana da ya yi ritaya. Ba zan ce miki kar ki yi ba don ni ina jin daɗinta. Amma bari in buɗe miki littafina ki gani da idonki.

Kuɗin fili in na raba na shekara gida 12 yana kama $750. A ƙananan garuruwan Teksas da Oklahoma na sha samun na $500. Kusa da manyan biranen Kalifoniya ko Seattle kuwa sai ki ji $1,300 ko $1,500, kuma sai kin shiga layin jira. Abin haushin, inda asibiti ya fi biya nan fili ya fi tsada. In kin kama fili na wata, wuta daban ce, mita gare ta, suna karantawa ƙarshen wata. Tawa tana wasa tsakanin $60 da $200, ki ce $120. Gas na girki da ɗumama ɗaki $60, amma a wata mai sanyi tukunya ɗaya ba ta yi mana mako. Inshorar tirela da ta mota $260, kuma dole ki gaya musu a ciki kuke zaune dindindin. Inshorar masu fita hutun ƙarshen mako ta fi araha, amma ranar da abu ya faru suka gano gidanku ne, za su iya ƙin biya. Intanet na Starlink $165. Dizal $350. Wanki a injin kuɗi $60. Ɗakin ajiya da muka zuba sauran kayanmu $110. Kamfanin da ke karɓar mana wasiƙu $15. Sai $400 da nake cirewa duk wata in sa a asusun gyara, ko an yi gyara ko ba a yi ba. Duka $2,290.

Ki lura ba abinci a ciki, ba inshorar lafiya, ba waya, ba kuɗin aikawa gida. Kuma ba bashi ko sisi, don kuɗi hannu muka sayi tamu, ta hannu. Ke in kin ɗora $573 ɗinki da biyan a-kori-kura, kin haura $3,400.

Nura Mai Sprinter:
Anti Balki, da girmamawa, wannan lissafin ya yi wa RV rashin adalci. Inshorar mota da mai da intanet ai yanzu ma tana biyansu a Houston. Bambancin kawai ya kamata a sa, ba duka ba. Sannan ba dole ne mutum ya biya fili ba. Ni a Sprinter nake, mota mai kama da ƙaramar bas, na sa sola da batir, wata da yawa ko dala ɗaya ba na biya na kwana. Filayen gwamnatin tarayya da ke hannun hukumar kula da filaye ta BLM a yamma, Arizona, Nevada, Utah, kyauta ne ka yi kwana 14 sannan ka matsa. Lokacin da na yi hunturu a Quartzsite, cikin hamadar Arizona, $180 na biya, izinin zama daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu, da wurin ɗibar ruwa da wurin zubar da tanki da shara. Wata bakwai fa. Duka rayuwata ba ta cin $1,300 a wata har da abinci.

Anti Balki:
Gaskiyarka a kan inshorar mota da mai, Nura. A cire mata kamar $350 na abin da dama take biya. Har yanzu tana sama da $3,000, a kan $2,050 da take gudu.

Maganar daji kuma, kai gwauro ne, aikinka a kwamfuta yake, in ka ga dama ka kwana biyu ba ka ga mutum ba. Ita za ta shiga aiki ƙarfe bakwai na yamma ta fito bakwai na safe, ta dawo tana neman barci da rana tsaka. A cikin akwatin da bangonsa bai fi kaurin tafin hannu ba, in babu AC ba barci. Sola ɗinka tana tayar da AC biyu yini guda? A 2023 Phoenix ta jera kwana 31 kullum zafin rana yana kai 110 ko fiye a ma'aunin nan na Amurka, wato sama da 43 a namu. Da yarinya 'yar shekara uku. Quartzsite kuma wane babban asibiti ne a can da zai ba ta kwantiragi? Filin kyauta yana inda ba aiki, shi ya sa yake kyauta.

Nura Mai Sprinter:
Ban ce ta kai yarinya hamada a watan Yuli ba. Ana bin yanayi ne, rani a arewa, hunturu a kudu. Kuma tsakanin kwantiragi da kwantiragi in ta ɗauki hutun mako biyu ko uku, me zai sa ta biya $60 duk dare? Katin shekara na shiga gandun dajin tarayya $80 ne, sansanonin gwamnati da na jihohi sun fi na 'yan kasuwa sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da nake so ta gane, tsadar ba dole ba ce, zaɓi ne. Babbar tirela sabuwa dal ita ce ke jawo babbar mota, babban fili, babban bashi.

Alhaji Direba:
A nan kam ka faɗi gaskiya, yaro. Sai dai katin $80 na shiga ne kawai, ba ya biyan kwana.

Baban Sadiq Akanta:
Salam. Ni harkar cike takardun haraji nake yi a Bronx, kuma layin da ya fi tsorata ni a saƙonki, Hajiya, shi ne na ƙarshe, inda kika ce alawus ɗin masauki ba a cire masa haraji. Wannan da sharaɗi ne, kuma shirin naku yana rusa sharaɗin.

Dalilin da ya sa IRS, hukumar harajin Amurka, ke barin kuɗin nan ba haraji shi ne ana ɗauka kina da gida na asali da kike ci gaba da kashe masa kuɗi, aiki ya raba ki da shi na ɗan lokaci, kina biyan masauki biyu. Ranar da kika miƙa makullin gidan Houston kika koma tirela gaba ɗaya, a wurinsu kin zama ma'aikaciya mai yawo, duk inda kika ajiye motar nan ne gidanki. Ba ki bar gida ba balle a biya ki kuɗin barinsa. Alawus ɗin duka ya zama albashi, a cire masa haraji kamar kowane kuɗi. Tunda a kwantiragin nas na yawo sau da yawa alawus ɗin ya fi albashin awa yawa, bambancin ba ƙarami ba ne.

Wasu sai su sa adireshin ƙawa ko na ɗan uwa su sa hannu a takardar kamfani cewa suna da gida. Adireshi kawai ba gida ba ne. In bincike ya zo za su nemi yarjejeniyar haya da shaidar biya a farashin da ya yi daidai da na unguwar, da alamar kina komawa can. Kamfanin da ya ba ki takardar ba shi zai biya tarar ba, ke ce. Hanya biyu ce mai tsabta: ko ki riƙe ɗaki na gaskiya a Houston kina biya, ki sa shi a lissafi, ko ki gaya wa kamfani tun farko a cire haraji a komai. Duka biyun halal ne a doka, amma kowanne yana rage rarar da kike hange.

Ƙari biyu. Teksas ba ta karɓar harajin albashi, haka Fulorida da South Dakota, shi ya sa masu RV ke rububin rajista a can. Amma in kin yi aiki a Kalifoniya ko Arizona, jihar da kika yi aikin za ta karɓi nata. Na biyu, maigida ya tambayi wurin aikinsa. Kamfanoni da yawa ba sa yarda ma'aikacin gida ya riƙa sauya jiha yadda ya ga dama, don su ma harajin yana hawa kansu.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Wanda ke nemo mini kwantiragin ce mini ya yi in sa adireshin yayata da ke Dallas, wai kowa haka yake yi.

Baban Sadiq Akanta:
Shi kamasho yake ci in kin sa hannu. In za ki yi da adireshin Yaya, ki kama ɗaki a wurinta da gaske, a rubuta, ki riƙa tura kuɗin ta banki, kuma ki riƙa dawowa kina zama har kina ɗan aiki a yankin. Kafin ki sa hannu a komai ki zauna da mai haraji wanda ya saba da nas masu yawo. Kuma wace takardar zama gare ku?

Maman Hanifa:
Girin kad, mu biyun. Baɗi muke sa ran neman zama 'yan ƙasa.

Baban Sadiq Akanta:
To ga wani abin da bidiyoyin YouTube ba za su gaya miki ba, don masu yin su 'yan ƙasa ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba doka ta ce ya sanar da USCIS, hukumar da ke kula da takardun zaman baƙi, sauyin adireshi cikin kwana 10, fom AR-11. Kuma kafin ki shigar da N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, sai kin yi wata uku zaune a jihar ko yankin da za ki nema, sannan za su aiko ranar ɗaukar yatsa da ranar ganawa, dole ki bayyana a ofishin da suka ce. In kina Oregon takarda ta sauka a Teksas, tikitin jirgin mutum biyu da fashin aiki ya shiga lissafi. Ni da za ku ji tawa, ku karɓi fasfo tukuna.

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ban san mota ba, amma na san lissafi kaɗan. $573 sau 180 ya kama $103,140. Bashin $60,000 ne. Sama da $43,000 kuɗin ruwa ne zalla. Malama, ko da an ajiye maganar hukuncin riba gefe, wanda ba abin ajiyewa ba ne, ki dubi abin da ake saya da shi. Gida ko fili yakan riƙe daraja. Wannan kuwa tun ranar da ta bar harabar dila take faɗuwa, shekara biyar nan gaba bashin da ya rage zai iya fin abin da za a saye ta. In kun gaji kuna son fita, sai kun cika kuɗi daga aljihu kafin ku rabu da ita. $43,000 a Zariya ai ya yi nisa da ginin nan. In har za a yi, a yi adashi ko a tara, a sayi wadda aljihu ya iya.

Sannan a sa Juma'a a lissafi. Akwai garuruwan da masallaci mafi kusa tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Maigida zai riƙa yin ta duk mako, mai ne. Yarinya kuma ta kusa shiga Islamiyya.

Ummu Khalil:
Malam, tunda an zo nan, mai zama a irin motar nan kasaru zai riƙa yi kullum?

Malam Habu:
A'a. A mazhabarmu ta Malikiyya in matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ya cika salla. Mai kwantiragin mako 13 mazauni ne. A kan hanya tsakanin gari da gari ne zai yi kasaru.

Sagir Fagge:
Ku yi haƙuri ni daga Kano nake bibiyarku. Abin ya ɗaure mini kai. Mutum yana Amurka, nas guda, ya bar gida ya koma kwana a mota, kuma motar ta fi dala dubu sittin? In labari ya iso gida ai cewa za a yi abin duniya ya ƙare musu. Surukai fa?

Nura Mai Sprinter:
Malam Sagir, akwai RV ɗin da ta fi gidan Nasarawa GRA tsada. Masu ritaya da kuɗinsu ne suka fi yawa a harkar.

Anti Balki:
Kar ka raina tambayarsa, Nura, gaskiya ce a ciki. Kashi biyu ne. Akwai wanda ya zaɓa, akwai wanda haya ta kora. Ka je wasu titunan Los Angeles ko Oakland ka ga tsofaffin RV jere, an rufe rufinsu da tamfol, ba sa ko tashi. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2024 a shari'ar Grants Pass, birane sun ƙara samun ƙarfin hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Ko kantunan Walmart da aka sani da barin mutane su kwana a mota a harabarsu, yanzu ya danganta da manaja da dokar garin. Abin da ke raba kashi na farko da na biyu sau da yawa gyara ɗaya ne da ba a da kuɗinsa. Shi ya sa na nace a kan asusun nan, kuma ina so in ɗan daɗe a kansa.

Maman Hanifa, gida ne da ake girgiza shi a kan titi da gudun mil 60. Komai yana kwancewa. Babban abokin gaba ruwa ne. Rufin roba ne, duk inda aka huda shi don AC ko fanka ko taga an toshe da wani farin danƙo, rana tana busar da shi ya tsage. Ruwa zai shiga ba ki sani ba, ya bi cikin bango, sai ranar da kika taka wani lungu kika ji ƙasa ta yi laushi. A lokacin katako ya riga ya ruɓe. Duk wata uku maigidana yana hawa sama da tsani da bututun danƙo. In ba mai yin haka a gidanku, za ku biya wani, kuma bakaniken da ke zuwa har fili yana karɓar kuɗin zuwa daban, na awa daban, $150 a awa ba abin mamaki ba ne. AC ɗaya in ta mutu, ki shirya $1,500 da sawa. Kuma ki tuna in an kai ta gareji, gidanku ne aka kai. Wani dila ya taɓa riƙe tamu makonni yana jiran kayan gyara, duk da garanti, muna otal muna biya. Garanti ba ya biyan otal.

Kada kuma ki ɗauka sabuwa ta kuɓuta. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, kuma a 2021 kamfanoni sun fitar da sama da 600,000, adadin da ba a taɓa yi ba. Duk bakaniken da na zanta da shi yana ƙorafi da aikin gaggawar shekarun nan. Ni na fi son wadda ta yi shekara huɗu ko biyar a hannun mai kula, ya riga ya sha wahalar gyaran farko. Amma kar ta tsufa da yawa, don wasu filayen ba sa karɓar wadda ta haura shekara 10.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai. Ruwa. Bature yana lissafin tankinsa da takardar bayan gida, mu da buta muke. Alwala biyar ta mutum biyu, tsarki, wankan ibada, wanke-wanken tukunyar tuwo. Tankin bayan gida na galan 40 da suke cewa yana kai mako, a wurinmu bai kai. In fili yana da bututun ƙasa ba matsala, ki sa safar hannu, ki ja marfin tankin bayan gida ya gama, sannan ki ja na ruwan wanka ya wanke tiyo. In babu, sai an ja motar zuwa wurin zubarwa, a biya $10 ko $15. Tukunyar ruwan zafi galan 6 ce a yawancinsu. Girkinmu kuma mai daɗewa ne a wuta, in kin ɗora wake ko ganda a lokacin sanyi za ki ga tagogi suna zubar da ruwa, sai kin sayi na'urar tsotse laima in ba haka ba bango ya yi funfuna. Naman halal ma, a Houston kin saba ki shiga titin Hillcroft ki saya. A ƙaramin gari babu. Mu mun sayi ƙaramar firiza muna cika ta da rabin rago duk lokacin da muka ratsa babban birni, ita ma tana cin wuta tana cin wuri.

Alhaji Direba:
Hajiya Balki ta manta taya. Tayar tirela ba ta jiran ta suɗe, shekaru ke kashe ta. Ki duba gefenta inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe. In kin ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Ta haura shekara biyar ko shida, a canza ko da zanenta yana nan kamar sabo. Na sha wuce su a gefen hanya, taya ta fashe ta yage ƙasan tirelar, ta tsinke wayoyi da bututun ruwa. Tayar $200 ta jawo gyaran dubbai. Kuma ku yi rajistar masu jan mota wadda ta haɗa da tirela, ta ƙananan motoci ba za ta ɗauke ta ba.

Ummu Khalil:
Inshorar lafiya fa? Ba wanda ya taɓo ta. Mu da muka yi wata biyu a wata jiha, namu tsarin bai yi aiki ba sai na gaggawa. Na kasuwar inshorar lafiya ta gwamnati, Obamacare, da yawa a jiharka ko ma yankinka kawai suke da likitoci. Da ƙaramar yarinya ga rigakafi ga zazzaɓin dare. In ta kamfanin kwantiragi za ki dogara, ki tambaye su ko tana ci gaba a makonnin da ke tsakanin aiki da aiki. Sannan wa zai riƙe Hanifa in kina barcin rana Babanta yana mitin? A Houston kina da mu.

Maman Hanifa:
Wannan ta ƙarshen ta fi komai taɓa ni, Maman Khalil.

Jiya da dare mun zauna da Baban Hanifa mun sake lissafin da alƙalumanku. Da sabuwar tirela da a-kori-kura a bashi, da ɗaki a Dallas don maganar haraji, mun tashi kusan $3,700. Ko na cire abin da dama muke kashewa a mota, hayarmu ta fi sauƙi da nisa. Mun kira dilan mun ce a bar maganar. Bai ji daɗi ba, har ya ce zai rage $4,000.

Amma ban fid da rai ba. Abin da muke tunani yanzu: mu sabunta haya shekara ɗaya, mu gama da takardun zama 'yan ƙasa. In ɗauki kwantiragi ɗaya a cikin Teksas, San Antonio ko Austin, inda zan iya dawowa gida ranakun hutu, alawus ɗin ya tafi yadda doka ta ce. Abin da ya ragu mu raba biyu, rabi Zariya, rabi asusun tirela. In ya taru mu sayi ƙarama ta hannu, ƙafa 25 zuwa 28, kuɗi hannu. Anti Balki, nawa kike ganin ya kamata a ajiye gefe kafin a fara, ban da kuɗin sayen?

Anti Balki:
$10,000 da ba a taɓawa, bayan kuɗin saye da harajin saye da rajista. Asibiti yana iya soke kwantiragi ana saura kwana biyu ki fara, kin riga kin ja mota mil 800 kin biya fili. Kayan farawa ma, tiyo, wayar wuta, na'urar kare wuta, ƙarfen ɗauri, katakan daidaita ƙafa, za su ci $1,500 ba ki ankara ba. Ki ware kuma $500 zuwa sama na mai duba RV mai zaman kansa, ba na dila ba, ya hau rufi ya auna laima a bango kafin ki biya. Shekarar da za ku je gida hutu, kuɗin ajiye ta na wata ɗaya ko biyu ma yana nan.

Kafin duk wannan, ku yi hayar ɗaya ku zauna a ciki mako biyu kina zuwa aiki daga can. A watan Agusta, ba a watan Maris ba.

Nura Mai Sprinter:
Ni dai har yanzu ina ganin kun tsorata ta fiye da kima. Da tirelar $15,000 da tsohuwar a-kori-kura Tundra mutane suna yi da yara biyu ma. Amma shirin kuɗi hannu na yarda da shi. Anti Maman Hanifa, in lokacin ya yi ki yi mini magana kan sola da batir, kar ki saya a wurin dila, ninki biyu suke sawa.

Sagir Fagge:
To ginin Zariya wa ke tsaye a kansa? Siminti ba ya jiran kowa fa.

Maman Hanifa:
Ƙanin maigidana ne, an kai linta. Baba Alhaji, akwai wata F-250 ta 2017 da wani abokin aikinsa zai sayar, ya ce ba ya sauri, zai iya jiranmu. Mil 140,000 gare ta. Ya yi yawa?

Alhaji Direba:
Ga dizal bai yi yawa ba in an kula da ita. Ki ce ya turo hoton takardar jikin ƙofa, da lambar shaidar motar, wato VIN, da rasit ɗin canjin mai da na gyaran giya in yana da su. Ranar Alhamis ina da lodi zuwa Laredo, zan ratso ta Houston da yamma. In motar tana kusa, ku kawo ta gidan man da zan tsaya, amma ya bar injin ya huce tukuna, ina so in ji yadda take tashi da sanyi.